Sukarin Surukata da Mazarƙwailar Baba

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bina a wannan labari, har da ku da kuka faɗo mana yau a tsakiyarsa. Ku gyara zama, ba sai kun je neman na baya ba. Sunana Barakatu, 'yar Malam Sabo mai mazarƙwaila, gidanmu yana ƙarshen garin Wudil ta wajen hanyar Utai. Inda muka kwana shi ne an sa ranar aurena da Hadi, malamin makarantar elementare, mai baƙin keke da farar hula, wanda nake gane ƙararrawarsa ko da kekuna nawa ne suka wuce. Shi ne yake cewa wai Turawa suna kiran shekarar alif ɗari tara da hamsin da biyar. Ni dai abin da na sani, an ce kafin azumi za a kai ni ɗakinsa, kuma ina so. Wallahi ina so, ba zan tsaya yi muku kunyar ƙarya ba.

To, rigimar a ka aka ɗauko mana ita har gida, an lulluɓe ta da farin ƙyalle.

Da hantsi ne, ina tsakar gida ina ɓarzar alkama a dutsen niƙa, sai na ji sallamar mata. Kafin Iya, mahaifiyata, ta amsa na gane muryar Yaya Huseina, yayar Hadi. Na saki ɗan dutsen na faɗa ɗaki da gari har gwiwar hannu, na laɓe a bayan asabari ina leƙe. Ta sha atamfa mai ruwan goro, ta kafa ɗaurin ɗankwali ya miƙe tsaye, ga 'yan kunne na azurfa, ga lalle har wuyan hannu. Wata mata tana biye da ita da daro a ka.

Aka shimfiɗa musu sabuwar tabarma. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi zafi, aka bi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, har da ƙafar Inna Saudatu, mahaifiyar Hadi, da take mata ciwo tun damina. Sai da suka sha ruwa sannan Yaya Huseina ta yaye ƙyallen. Kwalaye ne shuɗɗa a jere. Ta buɗe ɗaya, sai ga sukari na ƙwaya, fari ƙal, kowace ƙwaya da kusurwarta kamar da aska aka yanka.

"Inna ce ta ce a kawo," in ji ta. "Gudunmawarta ce ta alkakin gara. Daga kantin birni ta sa aka sayo. Ta ce danginta na cikin ganuwa za su zo, tana so su ga alkakin amaryarta yana sheƙi irin na can."

Kun dai san yadda gara take. Shinkafa da man shanu kowa yana kaiwa gidan miji, amma alkaki shi ake buɗewa a gaban mata, shi ake raba wa dangi, da shi ake auna gidan da amarya ta fito.

Iya ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta yi godiya, ta sake yi, ta raka su har zaure tana yi. Tana dawowa ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗaga ta a rana tana juyawa.

Gwaggo Yelwa kuwa tana zaune a ƙofar ɗakinta tun ɗazu tana kallo. Ita ce yayar Baba, ita ta goye ni, kuma duk unguwarmu ba a bikin da ba hannunta a alkakinsa. Ta miƙo hannu aka sa mata ƙwaya ɗaya, ta lasa, ta yamutsa baki.

"Zaƙi kam kamar me," ta ce. "Amma ba ya ƙamshin komai. Ko kudan zuma ba zai san hanyarsa ba."

"Kai, Yaya, ke dai ba a burge ki," in ji Iya.

Bari in gaya muku wani abu game da ni da Baba, don ku gane abin da ya biyo baya. Ni 'yar fari ce. Tunda na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "waccan". In muka yi kiciɓis a zaure, na durƙusa na gaishe shi, bango yake kallo ya amsa. Mutum zai rantse ba ruwansa da ni. Amma duk ranar da ya sauke kaskon dafa ruwan rake a fadama, sai mu tarar da mazarƙwaila ɗaya mai ɗumi a faifai a ƙofar ɗakin da nake kwana, ba a taɓa cewa ga wanda ya ajiye ba.

Da azahar ya dawo. Ya yi sallama, ya jingine sandarsa, idonsa ya sauka a kan kwalayen.

"Wannan fa?"

Iya ta zayyana masa da zumuɗi, har da zancen matan birni. Ya tsuguna ya buɗe kwali ɗaya ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe a hankali ya daidaita bakinsa da babban yatsa.

"Madalla," ya ce. "Allah ya saka musu da alheri. A yi da shi."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Furar da Iya ta dama masa tana nan a rufe, ko kallonta bai yi ba.

Gwaggo ta bi bayansa da ido, sannan ta kamo hannuna. "Zo nan, uwar 'yan laɓe."

Ta ja ni bayan ɗakin Baba inda rufewarsa take, wato rumbunsa na laka, ta sa ni na hau turmi na ɗage murfin. Jama'a, ƙamshin da ya bugo ni! Citta, kanumfari, da wannan ƙauri mai daɗi na ruwan rake da ya dahu. Mazarƙwaila ce jere a kan jere, kowace an naɗe ta da ganyen rake an ɗaure.

"Tun ranar da aka karɓi goron sa-ranarki yake wannan aikin," in ji Gwaggo. "Raken da ya fi kowanne ya ware. Bai bar 'yan ƙwadago sun taɓa ba. Sabon alawayyo ya yanka ya tace ruwan, ya tsaya a kan kasko yana kwashe kumfa har kafaɗarsa ta riƙe. Da na tambaye shi, cewa ya yi, Yaya, ta alkakin waccan ce. Shi ke nan abin da ya faɗa."

Na warware ɗaya na gutsura. Ba yashi, ba tsami, ta narke mini a harshe, cittar ta biyo baya ta ɗumama mini maƙogwaro. Sai na ji hawaye yana bin kumatuna. Mutumin nan ba shi da bakin da zai ce mini Allah ya sa albarka a gaban mutane. Wannan ce maganarsa, ga ta an naɗe a ganye, kuma yanzu a gabana ya haɗiye ta.

Na je na sami Iya a madafi. "Iya, ni da mazarƙwailar Baba nake so a yi."

Ta juyo da muciya a hannu. Ita ma ba ta kiran sunana, amma ita tana da baki, ba ta kuma rowarsa.

"Ke! Kin san abin da kike faɗa? Uwar mijinki ta aiko da abu, ki ture shi gefe? Kin san gori kuwa? Ni nan da kike gani, da aka kawo ni gidan nan alkakin garata ya yi tauri, har yau in muka sami saɓani da matan unguwa sai wata ta ce a ba ta tabarya za ta ci alkaki. Har yau! So kike a buɗe naki baƙi ƙirin a gaban matan birni, su kalli juna su ce, af, ashe 'yar masu rake ce?"

"Ai 'yar masu raken ce ni, Iya."

"Na sani! Ni ce matarsa!" "Kina tsammani ban ga fuskarsa ba? Na gani. Amma shi namiji ne, zai shanye. Ke ce za ki zauna a cikin matan nan, ba shi ba."

Kada ku ga laifin Iya. Tsoro ne yake cin ta, kuma saboda ni ne.

Gwaggo ta ce surutu ba ya soya alkaki, a ɗora a gani. Ta kwaɓa alkamar da na ɓarza da man shanu da ɗan nono, ta rufe ta kwana. Washegari muka murza muka naɗe, muka soya a man gyaɗa, ta jera ƙananan tukwane a murhu.

Ta fara da sukarin. Ta narka shi da ruwan tsamiya, ta ce in ba a sa tsami ba daskarewa yake a jikin alkaki ya yi fari kamar kanwa. Ba zan yi wa sukari ƙarya ba, ya yi kyau. Alkakin ya fito ja-ja-ja yana ɗaukar ido, ka ɗaga shi ba ya manne maka a hannu, ka ciza ya ce ƙaras. Iya ta yi ta kallona tana ɗaga gira.

Sai zuma, 'yar ragowar da Gwaggo take ɓoyo a kwalba tun wadda aka kawo mata daga Dagumawa. Wannan kam ba a magana, alkakin zuma sai ya yi watanni yana laushi. Na ce to ko a yi da zuma kowa ya huta?

"Ina za ki samo ta yanzu?" in ji Gwaggo. "Ba lokacinta ba ne, ta kasuwa duk an tsinka ta da ruwa. Kuma in kin yi da zuma, maimakon ki ɓata wa mutum ɗaya kin ɓata wa biyu ke nan."

Iya ta ce to a haɗa, rabi sukari rabi mazarƙwaila. Aka haɗa. Wayyo! Kala ta fito kamar sukarin da ya faɗi ƙasa aka tsince. Gwaggo ta ɗanɗana ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Saudatu za ta ce mun ɓoye rabin sukarinta mun cike da namu. Sabo kuma cizo ɗaya zai yi ya san an sirka masa. Kun ga an tashi ba ko ɗaya."

Ta ƙarshe ita ce ta Baba zalla. Alkakin ya sha ta har ciki, ya fito ja mai duhu kamar dabino, yana ɗan danƙo a yatsa. Kyan gani dai bai kai na sukari ba, wannan gaskiya ce. Amma ƙamshinsa ya tsallake katanga, har maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambayar ko suna ake yi ba a gaya mata ba. Iya ta ci ɗaya, ta ci na biyu, sannan ta ce, "Daɗi ba shi ne zancen ba." Ta shige ɗaki.

Ran nan da la'asar na ji ƙararrawa. Na wanke hannu na shafa man kaɗanya, na ɗaura saƙina mai baƙi da ja, na zizara kwalli, na yafa mayafi. Hadi yana zaure a kan tabarma, ya jingine kekensa, farar rigarsa ta sha bugu tana ƙyalli. Gwaggo ta zauna a ƙofar ciki da mazarinta tana kaɗi, wai ita ba ta jin komai.

Muka gaisa. Fuskarsa fal murna.

"Kin ga saƙon Inna? Wallahi tun da ta aika ba ta zauna ba, sai tambaya take ko kun ji daɗi."

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma.

"Barakatu? Lafiya?"

Na gaya masa duka, har da furar da Baba bai sha ba. Ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar, ya sake cirewa.

"Subhanallahi. Ni ban kawo wannan a raina ba. Inna ma ba ta kawo ba, na rantse miki." Ya yi ajiyar zuciya. "Kin san tun da mahaifinmu ya rasu muka dawo Wudil, danginta na birni suke mata kallon wadda ta koma ƙauye. In sun zo sai su riƙa tambayarta ko ta manta hanyar kanti. Wannan bikin take so ta ɗaga kai da shi. Ta riga ta gaya wa kowa."

Kun ji fa. Na zo da kukana, ashe can ma akwai mai nata.

"To yanzu yaya za a yi?" na ce.

"Ni dai ko da ruwan kogi kika jiƙa alkakin nan zan ci in siɗe hannu."

"Ba cinka nake tambaya ba, Malam. Za ka gaya mata?"

Ya kalli rufin zaure. "In dubi idon Inna in ce mata a ajiye sukarinta? Ina! Kuma ga Baba, ni da ko gaisuwa sai na tsuguna daga nesa."

Raina ya ɓaci, bakina kuma ba ya jiran izini. "Af, ashe duk gidanku kekenka ne kaɗai mai ƙararrawa."

Ya yi dariya, amma na ga maganar ta shige shi. Nan take na yi nadama, don Hadi ba matsoraci ba ne, kunya ce ta ɗaure shi kamar yadda ta ɗaure mu duka. Na ce a hankali, "Yi haƙuri." Ya ce, "Ai kin faɗi gaskiya."

Sai Gwaggo, kurmar ƙarya, ta yi magana daga ƙofa, ba ta ko daina kaɗi ba.

"Ku biyun nan kun ishe ni. Abin da baki ba zai iya ba, kwano ya je. Ta yi alkakin da hannunta, ni in kai wa Saudatu, in ce ɗanɗano ne daga 'yarta. Harshenta ya gaya mata."

"In ta dawo da shi ba ta taɓa ba fa, Gwaggo?" in ji Hadi.

"Sai mu san inda muka tsaya."

Iya da ta ji, sai da ta yi kuka. Ta ce yarinya ba ta shiga gida ba ta fara gyara wa uwar miji zance, in matar nan ta ɗauka raini ne, har abada ba zan ga farin haƙorinta ba. Ta ce ana fasa aure a kan abin da bai kai wannan ba. Ina son Hadi kamar raina. Amma da na rufe ido sai in ga babban yatsan Baba yana daidaita bakin kwalin nan. Na ce, "Iya, ki yafe mini, zan yi." Ta share ido ta ce, "To ki tace ta sau biyu, kuma kada ki cika wuta." Ta ɗauko mini langarta mai furanni da ba ta bari kowa ya taɓa.

Baba kuwa ba wanda ya gaya wa. Iya ta ce ba a sa masa rai sai an ji amsa. Gwaggo ta ce haka ne. Ni kuma da wane baki?

Ran Alhamis Gwaggo ta yafa mayafi ta ɗauki langar ta tafi. Da ta dawo na tare ta tun daga zaure.

"Ta karɓa," ta ce. "Ba ta buɗe ba. Ta tambayi da me aka yi, na gaya mata. Ta ce a tura mata ƙarƙashin gado."

"Fuskarta fa?"

"Fuskar Saudatu ai ba allo ba ce da zan karanta miki."

Ku 'yan yanzu da kuke tura saƙo a waya ku ga alamar an buɗe, ba ku san jira ba. Mu kwano muke jira. Kuma kwano yana da yarensa. In ya dawo da goro ko turare a ciki, tukwici ke nan, an ji daɗi. In ya dawo da abincinsa, an mayar maka da maganarka. In kuwa ya dawo wayam ba ko ɓarin goro, to an ci, amma ba a ɗauke ka a bakin komai ba. Ranar nan na zuba gishiri a kunu, na kira akuya da sunan Gwaggo.

Ran Juma'a, ranar kasuwar Wudil, rana ta ɗaga sosai sai ga sallamar Yaya Huseina, langar a hannunta, fuskar nan a ɗaure. Wannan karon ban ɓuya ba, na tsaya a jikin ginshiƙin rumfa. Aka yi gaisuwar nan da ba ta ƙarewa, kamar in yi ihu. Sannan ta tura wa Iya langar. Iya ta ɗage murfin.

Wayam. An wanke ta tas, ba goro, ba komai.

Iya ta zauna daɓas a ƙasa. Shi ke nan, na ce a raina, na kashe aurena da hannuna.

Sai Yaya Huseina ta fashe da dariya har ɗaurinta ya karkace.

"Inna ce ta ce in ɗaure fuska sai kun buɗe, wai ita ma a rama mata kwanan da ta yi tana juyi! Ta ce in gaya muku ba mantuwa ta yi ba, ba a ba 'yar gida tukwici, bare ake ba." Ta juyo gare ni. "Ke kuma ta ce in gaya miki kina da ƙarfin hali, kuma za ku haɗu in kin zo. Sukarinta a yi mata dubulan da shi, kada wanda ya kuskura ya mayar mata. Alkaki kuwa irin wannan take so, kada a rage cittar. Da asuba na kama ta ta jawo langar ita kaɗai, ko ɗaya ba ta rage mana ba."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Iya tana dariya tana share hawaye da bakin zane. Ni kuwa ban tsaya ba, na ruga bayan ɗakin Baba, na haye turmi na ɗage murfin rufewar, don in ga abin da za mu yi aiki da shi.

Ba komai a ciki sai guntayen ganyen rake.

"Iya! Iya, ina mazarƙwailar?"

Iya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Jakunan da na ji da sassafe... na ɗauka hatsi ya kai kasuwa."

Ashe Baba ya gaji da ganinta. Tunda an ce ba a so, ya ɗaure ta a mangala ya kai kasuwa, mu kuma muna nan muna ta ɓoye masa zance don kada ransa ya ɓaci.

Allah ya sa Hadi yana ƙofar gida, ya biyo yayarsa ya laɓe a gindin darbejiya yana jiran labari. Gwaggo ta fita ba ko mayafi. "Malam, hau keken nan! Rumfar masu mazarƙwaila, maza!" Na ji ƙararrawar tana ta kuka har ta ɓace.

Sai bayan an sauko daga masallaci ya dawo, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Daga zaure ya yi wa Gwaggo bayani, ina jin sa ta bayan ƙofa. Wani ɗan kasuwa ya kwashe ta duka tun da safe, an loda a motar birni, motar ta tashi. Ya sami Baba zaune a kan mangalar da ba komai. Ya tsuguna ya gaya masa saƙon Inna Saudatu, da bakinsa, ba ɗan aike.

"Me ya ce?" in ji Gwaggo.

"Ya dubi mangalar. Sannan ya ce, to."

Baba ya dawo da yamma ya ci tuwonsa, ya shige ɗaki. Ni kuwa ban ci ba. Raken bana ya ƙare, an daina matsa tun tuni, kowa ya sani. Na samo yardar surukata, na rasa abin da na yi faɗan dominsa.

Washegari da safe ina shara sai na ga Iya ta tsaya cak da tulu a hannu tana kallon gabas. Hayaƙi ne yake tashi daga wajen fadamarmu, baƙi, mai kauri, irin na wutar kasko.

"Me yake dafawa?" na ce. "Ba rake ya ƙare ba?"

Iya ba ta kalle ni ba. "Saura na iri," ta ce.

Gwaggo ta ɗora mini ƙwaryar fura a ka, muka kama hanya, tana gaba tana faɗa ita kaɗai. Tun daga nesa na ji kukan injin rake. Da muka matso sai na ga wanda yake kora dokin da ke juya injin yana zagaye. Hadi ne. Ya rataye farar rigarsa a reshen giginya, daga shi sai singileti, ya naɗe wando har gwiwa, ƙafarsa duk caɓo. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata, doki ya kusa taka shi.

Can gefe kuwa, ɗan yankin da Baba yake bari kowace shekara don dashe, an sare shi ƙasa-ƙasa, sai kututture. Baba yana tsaye a kan kasko da doguwar ludayi yana kwashe kumfa, hayaƙi yana shigar masa ido.

"Sabo!" in ji Gwaggo. "Sabo, kanka ɗaya kuwa? Me za ka dasa bana? Me za ku ci baɗi?"

Bai ɗago ba. Ya kwashe kumfa ya watsar, ya sake kwashewa.

"Iri ana roƙa a wajen maƙwabta, Yaya."

"Kai? Kai da ko allura ba ka taɓa ara ba?"

"Zan koya," ya ce. "Waccan kuwa sau ɗaya za ta fita daga gidana."

Ni kuwa ina tsaye da ƙwarya a ka, na kasa saukewa, na kasa gaisuwa, kuka ya ƙwace mini a gaban ubana da mijin da zan aura. Baba ya juya mana baya, ya goge fuska da hannun riga, ya ce wa Hadi ya ƙara wa dokin sauri, wuta tana cin itace a banza.